Yadda ido da ƙwaƙwalwa ke gane nisa, girma da launin abubuwa: tambayoyi da amsoshi

Mutum yakan miƙa hannu ya ɗauki kofi, ya sauko daga matakala, ya tsallaka titi, bai tsaya ya yi lissafin komai ba. Saboda sauƙin abin ba mu cika tambayar yadda yake faruwa ba. Amma masana sun haura shekara dubu suna kai-komo a kansa, kuma amsoshin da ke ƙasa duk wuri guda suka dosa: ido shaida yake kawowa, ƙwaƙwalwa ce alƙali, abin da muke kira gani kuma hukuncin da ta yanke ne.

Ina wahalar take? Ai ido yana ɗaukar abin da ke gabansa ne kawai.

Haske yana shiga ta baƙin ido ya sauka a kan wani siririn tantani da ke shimfiɗe a bangon ido na ciki, wanda likitoci ke kira retina. Hoton da ke sauka a kansa yana da dama da hagu, yana da sama da ƙasa, amma ba shi da gaba da baya. A kife ma yake zuwa, kamar yadda Johannes Kepler ya bayyana a 1604.

Ka miƙe hannunka da dare ka ɗaga babban yatsa, zai rufe maka wata gaba ɗaya, har da ragowa. Faɗin wata kuwa ya kai kusan kilomita 3,500. A kan retina yatsan ya fi watan cin wuri. Ke nan tabo ɗaya a cikin ido yana iya fitowa daga ƙaramin abu na kusa, ko daga ƙaton abu na nesa, kuma hoton shi kaɗai ba zai faɗa maka wanne ne ba.

Wahala ta biyu ita ce hoton ba ya zama wuri ɗaya. Wanda ke tsaye mita 2 daga gare ka, in ya ja baya zuwa mita 4, tsawon hotonsa a idonka ya ragu da rabi. Ƙofa in ta buɗe siffar hotonta ta sauya. Hasken safe daban, na yamma daban. Duk da haka ba ka ganin mutumin ya gajarce, ko ƙofar ta karkace. Waɗannan matsaloli biyu a haɗe suke: sai ƙwaƙwalwa ta kimanta nisan abu da hasken da ke kansa kafin ta iya cewa ga girmansa, ga launinsa.

Wa ya fara gane cewa akwai aikin tunani a cikin gani?

Wanda ya fi cancanta a ambata shi ne Hasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya yi aikinsa a Alƙahira, ya rasu wajen 1040. An fi saninsa da rushe tsohon ra'ayin masanan Girka na da, su Euclid da Ptolemy, cewa ido ne ke harba haske waje. Amma a cikin littafinsa Kitabul Manazir ya yi wani bayani da a ganina ya fi wancan zurfi, ko da yake ba a cika maimaita shi ba. Ya ce ido shi kaɗai haske da launi yake karɓa. Girma, nisa da siffa kuwa sai an haɗa da kwatanci da tuna abin da aka saba gani, sai dai hukuncin yana da sauri ƙwarai har mutum ba ya jin ya yi shi. Ya kuma lura cewa muna auna nisan abu ne ta bin ƙasar da ke shimfiɗe tsakaninmu da shi, in babu ita sai kimantawar ta lalace.

Bayan ƙarni takwas, a 1867, masanin Jamus Hermann von Helmholtz ya sake tayar da wannan magana, ya ce gani hukunci ne da ake yankewa ba da saninmu ba. Yawancin binciken yau a kan wannan turba yake tafiya.

Mene ne amfanin ido biyu?

Ka ɗaga yatsa a gaban hancinka, ka riƙa rufe ido ɗaya kana buɗe ɗaya. Za ka ga yatsan yana tsalle dama da hagu a kan abin da ke bayansa. Ka miƙe hannun ka sake, tsallen zai ragu. Tazarar da ke tsakanin idanun baligi ta ɗan haura santimita 6, don haka kowane ido daga gurbinsa yake kallon duniya, kuma bambancin hotunan biyu yana ƙaruwa ne gwargwadon kusancin abu. Ƙwaƙwalwa tana haɗa su ta mayar da bambancin ya zama zurfi.

Charles Wheatstone ne ya tabbatar da haka a Ingila a 1838. Ya zana hotuna biyu masu ɗan bambanci, ya yi amfani da madubai ya nuna wa kowane ido nasa, sai zanen da ke kwance a takarda ya miƙe ya yi jiki. A 1960 Béla Julesz ya ƙara gaba a Amurka da wani gwaji mai ban mamaki. Ya cika allo biyu da ɗige-ɗige baƙaƙe da farare barkatai, ba siffar komai a ciki, amma ya ɗan gusar da wani yanki na tsakiya a allo ɗaya. Kowane ido shi kaɗai tarkace yake gani. Da an haɗa biyun sai murabba'i ya taso yana shawagi a gaban allon. Wannan ya nuna cewa ƙwaƙwalwa tana iya fitar da zurfi tun kafin ta san ko mene ne take kallo. A 1967 kuma Horace Barlow da Colin Blakemore da John Pettigrew suka gano ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a jikin kyanwa waɗanda ba sa motsawa sai bambancin hotunan ya kai wani adadi.

Akwai ƙarin shaida daga tsokoki. In abu ya matso, idanu sukan karkato ciki, wajen hanci, sannan ɗan gilashin halitta da ke bayan baƙin ido ya ƙara kauri don hoton ya fito tas. Ƙwaƙwalwa tana jin wannan ƙoƙari. Sai dai duk waɗannan sun fi ƙarfi ne a 'yan mitocin da ke kewaye da mutum. Da nisa ya yi yawa, hotunan idanun biyu sun kusa zama ɗaya.

To mai ido ɗaya fa? Duniyarsa a shafe take?

A'a, ko kusa. Alamun nisa da ido ɗaya ke iya karantawa suna da yawa. Abin da ya tare wani shi ne a gaba. Abubuwa biyu da ka san girmansu ɗaya, wanda ya fi ƙanƙanta a ido shi ne na nesa. Tsakuwa ko ciyawa da ke kusa da ƙafarka ana ganinta ɗaya bayan ɗaya, can gaba sai ta cure ta zama shimfiɗa. Layukan da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, irin layin dogo, sukan yi kamar za su haɗu a nesa. Duwatsun nesa sukan dusashe su yi shuɗi-shuɗi saboda iskar da ke tsakani.

Wadda ta fi duka ƙarfi ita ce motsi. Ka duba ta tagar mota tana gudu: turakun bakin hanya suna wucewa fiu, bishiyoyin can ciki suna tafiya a hankali, tsaunin nesa kamar yana tsaye. Ko ɗan girgiza kai ka yi, irin wannan bayani kake samu, wato ido ɗayan yana ɗaukar hoto daga gurbi biyu, ɗaya bayan ɗaya. Wiley Post, wanda ya fara kewaya duniya shi kaɗai a jirgin sama a 1933, ido ɗaya gare shi.

Ba a ce babu asara ba. Wanda ya rasa ido yana babba yakan sha wahala a watannin farko wajen zura zare a allura, zuba ruwa a kofi, cafe abin da aka jefo masa da saukowa daga matakala. Da sannu yakan koyi dogara da motsin kai da sauran alamu, amma aikin kusa mai bukatar daidaito yakan ci gaba da cin lokacinsa fiye da na mai ido biyu.

Ta yaya zane a takarda ke nuna zurfi?

Mai zane yana aron waɗancan alamu ne na ido ɗaya. A birnin Florence na Italiya, a farkon ƙarni na 15, Filippo Brunelleschi ya nuna yadda ake tattara layuka zuwa ɗigo guda, Leon Battista Alberti ya rubuta ƙa'idar a 1435, Leonardo da Vinci kuma ya yi bayanin dusashewar launi a nesa.

Inuwa ma tana da nata rawar. Ƙwaƙwalwa tana ɗauka cewa haske daga sama yake zuwa, don haka da'irar da samanta ke da haske, ƙasanta da duhu, za ta fito kamar tudu. Ka juya takardar ƙasa ta koma sama, sai tudun ya zama rami. Shi ya sa hotunan ramukan wata wani lokaci suke fitowa kamar ƙuraje. In kana son zane ya ƙara zurfi, ka rufe ido ɗaya ka tsayar da kai, domin ido biyu ne ke tona cewa takardar a shafe take.

Me ya sa wanda ke tafiya nesa da ni ba ya ƙanƙancewa?

Saboda ƙwaƙwalwa tana auna girman hoton da nisan da ta kimanta, ta fitar da girman gaske. Hoto ya ragu da rabi, nisa ya ninka biyu, lissafi ya koma inda yake.

Kana iya kama ta tana wannan aiki. Ka zana baƙar da'ira a farar takarda, ka ƙura mata ido na rabin minti ba ka kauda kai ba, sannan ka dubi tafin hannunka. Za ka ga wani ɗan tabo mai haske. Ka ɗaga kai ka dubi bangon da ke can ƙarshen ɗaki, sai tabon ya zama ƙato. Gurbin da ya gaji a kan retina bai canza ko kaɗan ba, nisan da aka ɗora shi a kai ne ya canza. Emil Emmert ne ya bayyana wannan a 1881.

A 1941 Alfred Holway da Edwin Boring na Jami'ar Harvard suka gwada abin ta ɗaya ɓangaren. Suka zaunar da mutane a mahaɗar dogayen baranda biyu, suna nuna musu da'irar haske a nisa daban-daban, ana ƙara mata girma daidai da nisan ta yadda hotonta a ido bai taɓa sauyawa ba. Da ido biyu, mutane sun faɗi girman gaske kusan daidai. Aka rufe ido ɗaya, har yanzu suna kusa. Aka sa su leƙa ta ƙaramar huda, aka kuma toshe hasken da ke dawowa daga bango da ƙasa, sai duk da'irorin suka koma kusan girma ɗaya a wurinsu. Da shaidar nisa ta ƙare, daidaiton girma ya bi ta. Haka yake faruwa in ka leƙo daga jirgin sama: motoci sukan zama ƙanana sosai, domin babu ƙasa a shimfiɗe tsakaninka da su, nisan kuma ya wuce abin da ido ya saba aunawa.

Siffa ma haka take. Faranti a kan tebur ƙwai-ƙwai yake sauka a ido, amma da'ira kake gani, saboda an yi la'akari da karkatarsa. Masu koyon zane sun san wuyar wannan: hannu yakan so zana farantin da faɗi fiye da yadda hotonsa yake.

Idan haka ne, me ya sa ido ke ruɗuwa? Ba rauni ba ne wannan?

Ban ɗauke shi rauni ba, kuma ina ganin kuskure ne a riƙa nuna wa mutane waɗannan hotuna don kawai a ce musu kada su yarda da idonsu. Dubi wanda ake danganta wa Mario Ponzo: layuka biyu a tsaye suna matsewa sama kamar layin dogo, a tsakaninsu gajerun sanduna biyu a kwance masu tsawo ɗaya. Na sama yakan fi tsawo a ido. Amma da a ce layin dogo ne na gaske, sandan sama zai fi nisa, kuma in hotonsa ya yi daidai da na kusa, to lallai ya fi shi tsawo. Ƙwaƙwalwa ta bi ƙa'idar da ke yi mata daidai a duniyar gaske, takarda ce ta kawo shaidar da ba ta dace da komai ba.

Ɗakin da Adelbert Ames ya ƙirƙira ya fi ban mamaki. Bangon bayansa a karkace yake, kusurwa ɗaya ta fi ɗaya nisa sosai, rufi da ƙasa suna gangare, an kuma karkata tagogi ta yadda in ka leƙa da ido ɗaya ta huda za ka ga ɗaki ne na kullum. Mutum in ya taka daga wannan kusurwa zuwa waccan sai ka ga yana girma ko yana raguwa a gaban idonka. Sai da aka hana ka ido biyu, aka hana ka motsa kai, aka gina komai da gangan, kafin a iya ruɗa ka. Wannan kansa shaida ce ta ƙarfin tsarin.

Abin lura, sanin sirrin ba ya warware ruɗin. Ka auna sandunan Ponzo da rula sau goma, na saman zai ci gaba da fin tsawo a idonka. Ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke wannan lissafi yana gama aikinsa kafin tunaninka ya sa baki.

Wata yakan yi girma in yana fitowa. Da gaske ya matso ne?

Bai matso ba. In ka ɗauki hotonsa da kyamara ɗaya yana fitowa, ka sake ɗauka ya kai tsakiyar sama, faɗinsa ɗaya ne. Ka naɗe takarda ka leƙa shi ta ciki yana ƙasa-ƙasa, yadda ba za ka ga bishiyoyi da gine-gine ba, sai girman ya ragu. Ibnul Haisam ya danganta abin da yadda ƙasar da ke tsakani ke sa gefen sama ya zama kamar ya fi tsakiyarta nisa, kuma gwaje-gwajen Lloyd Kaufman da Irvin Rock a 1962 sun ƙarfafa rawar da ƙasa ke takawa. Sai dai akwai cikas: in ka tambayi mutane, yawanci cewa suke watan da ke ƙasa ya fi kusa. Har yau masana ba su haɗu a kan bayani ɗaya ba.

Yaya farar takarda ke zama fara a rana da cikin ɗaki?

A nan ne lissafin ya fi burge ni. Hasken rana tsaka yana iya ninka hasken ɗaki sau ɗari biyu. Gawayi yana mayar da kusan kashi 5 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, farar takarda kuwa kashi 80 zuwa 90. In ka lissafa, gawayin da ke rana yana aiko wa idonka haske ninki goma fiye da takardar da ke cikin ɗaki. Amma gawayi baƙi kake ganinsa, takarda fara. Ƙwaƙwalwa ba yawan hasken take ƙirgawa ba, tana kwatanta abu ne da maƙwabtansa da ke ƙarƙashin haske ɗaya, tana kuma raba bakin inuwa, wanda yakan dusashe a hankali, da bakin fenti, wanda yakan yanke kaifi.

A 1995 Edward Adelson na jami'ar MIT da ke Amurka ya zana allo mai gidaje baƙaƙe da farare, da wani abu a tsaye yana jefa inuwa a kai. Gida ɗaya baƙi a fili da wani fari a cikin inuwa, ruwan tokarsu iri ɗaya ne sak a kan allon. Kusan ba wanda ke yarda sai ya rufe sauran hoton. Kuma idon bai yi kuskure ba game da abin da ya dame shi, wato wane irin fenti ne a jikin allon.

Launi ma haka. Hasken inuwa da na sararin sama yana da shuɗi, na fitilar ƙwai da na faɗuwar rana yana da rawaya, ƙwaƙwalwa kuma tana cire launin hasken ta bar na abin. Edwin Land, wanda ya kafa kamfanin Polaroid, ya nuna haka da allunan takardu masu launi daban-daban: ya daidaita fitilu har takarda kore ta aiko da irin hasken da ja ta aiko ɗazu, amma mutane suka ci gaba da ganinta kore.

A watan Fabrairun 2015 hoton wata riga ya raba kan jama'a a intanet, wasu na cewa fari da ruwan zinare ce, wasu shuɗi da baƙi. Rigar ta gaske shuɗi da baƙi ce. Hoton bai nuna irin hasken wurin sosai ba, sai kowace ƙwaƙwalwa ta yi nata zato. Wadda ta ɗauka inuwa ce mai shuɗi ta cire shuɗin, ta bar fari. Wadda ta ɗauka hasken fitila ne mai rawaya ta cire rawayar, ta bar shuɗi da baƙi. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Idanuna suna motsi kullum. Me ya hana duniya rawa?

Ido yana tsalle daga nan zuwa can kusan sau 3 a daƙiƙa. Duk lokacin da ƙwaƙwalwa ta ba tsokar ido umarni, tana ajiye kwafin umarnin, don haka ta san gusawar hoton daga gare ta take. Ka rufe ido ɗaya, ka ɗan taɓa gefen ɗayan a hankali ta kan fata: ɗakin zai motsa, domin wannan karon ba ita ta ba da umarni ba. A lokacin tsallen kuma ana dusashe gani. Ka tsaya gaban madubi ka riƙa duban idonka na dama da na hagu, ba za ka taɓa kama su suna motsi ba, alhali wanda ke gefenka yana gani.

Kunne na ciki yana taimakawa. In ka girgiza kai kana karatu, rubutun yana nan daram, saboda kunnen yana juya idanu akasin kai nan take. In ka tsayar da kai ka girgiza takardar da irin wannan sauri, rubutun zai cakuɗe.

Da wannan ake haihuwar mutum, ko koya yake yi?

Duka biyun, kuma a cuɗe suke. A 1960 Eleanor Gibson da Richard Walk na Jami'ar Cornell suka shimfiɗa gilashi mai kauri a kan tebur. A rabi ɗaya akwai zane manne da ƙasan gilashin, a ɗaya rabin zanen yana can ƙasa, sai wurin ya yi kama da rami. Suka ɗora jarirai 36 'yan wata 6 zuwa 14 a tsakiya, iyayensu mata suna kiransu. 27 sun rarrafa ta ɓangaren da ba rami, 3 kacal suka hau gefen ramin. 'Yan tsaki da 'yan awaki kuwa tun ranar farko suke ƙin wurin.

Binciken Joseph Campos daga baya ya nuna cewa jariri ɗan wata 2 yana lura da bambancin amma ba ya tsoro, tsoron yana zuwa ne bayan ya yi 'yan makonni yana rarrafe. Haɗa hotunan ido biyu kuma yakan kunno ne tsakanin wata 3 zuwa 5.

Wanda aka haifa makaho, in aka buɗe masa ido, zai gane abubuwa nan take?

William Molyneux ya aika wa John Locke wannan tambaya a 1688: makahon da ya san ƙwallo da ɗan akwati ta hanyar taɓawa, in ya samu gani, zai bambance su da kallo kawai? A 1728 likita William Cheselden ya ba da labarin yaro ɗan kimanin shekara 13 da ya cire wa yanar ido a Landan. Yaron ya ce da farko ji ya yi kamar komai yana taɓa idonsa.

Amsa mafi inganci ta fito ne daga Indiya, daga shirin Prakash na Pawan Sinha, mai yi wa yaran da aka haifa da yanar ido aiki. A rahoton 2011, yara 5 da aka gwada cikin kwana biyu bayan aiki sun iya bambance siffofi da ido, amma sun kasa haɗa abin da suka taɓa da abin da suka gani. Cikin 'yan kwanaki sai suka fara iyawa. Wani rahoton na 2015 ya nuna cewa zanen Ponzo yana ruɗar irin waɗannan yara tun daga kwanakin farko. Ke nan wasu ƙa'idojin ba sa jiran dogon sabo.

Dabbobi ma haka suke yi?

Kowace da dabararta. Mujiya da kyanwa idanunsu a gaba suke, suna amfani da ido biyu. Zomo nasa a gefe suke, ya sayar da zurfi ya sayi faɗin gani. Fara takan karkaɗa kai dama da hagu kafin ta yi tsalle. Hawainiya tana auna nisa da yadda take daidaita hoto a idonta, shi ya sa in aka sa mata gilashi harshenta yakan kuskure. A 2016 masu bincike a Jami'ar Newcastle suka liƙa wa ƙoƙi-ƙoƙi ƙananan tabarau da kakin zuma, suka tabbatar yana haɗa ganin ido biyu.

A ina wannan kuskure ke zama haɗari?

A duk inda shaidu suka yi ƙaranci amma mutum yana jin ya gani sarai. Cikin hazo abu yakan dusashe, ƙwaƙwalwa kuma ta saba dusashewa na nufin nisa, sai motar gaba ta zama kamar ta fi nisa. Babur, saboda ƙanƙantarsa da fitilarsa ɗaya, yakan yi kamar bai kusa isowa ba. Jirgin ƙasa kuwa girmansa ke sa a ga kamar a hankali yake tafiya, abin da Herschel Leibowitz ya ja hankali a kai a 1985. Ƙari a kan haka, hoton abin da ya nufo ka kai-tsaye yana girma ne kaɗan-kaɗan, sai a daƙiƙun ƙarshe ya buɗe gaba ɗaya. Don haka wanda ya hangi jirgi a mahaɗar dogo ya tsaya kawai, kada ya auna da ido.

A duniyar wata babu iska da za ta dusashe nesa, babu bishiya ko gini da za a kwatanta. A Fabrairun 1971 'yan sama-jannati Alan Shepard da Edgar Mitchell na kumbon Apollo 14 suka yi ta hawa suna neman bakin wani rami mai suna Cone, suka juyo ba su gan shi ba. Daga baya aka gano saura kimanin mita 30 su isa.

Yarona idonsa ɗaya yana karkacewa. In jira ya girma?

Kada a jira. David Hubel da Torsten Wiesel, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 1981, sun nuna cewa in aka rufe wa ɗan kyanwa ido ɗaya a makonnin farko, ƙwaƙwalwa takan miƙa gurbin idon ga ɗayan, ko da an buɗe shi daga baya lafiya lau. Babbar kyanwa ba ta samun wannan illa. Haka yake ga yaro mai harara-garke: don gudun ganin abu biyu-biyu, ƙwaƙwalwarsa takan yi watsi da idon da ya karkace, ganinsa ya raunana, haɗa ido biyu kuma ya kasa kafuwa.

Ɗan karkacewa jefi-jefi a watanni 3 zuwa 4 na farko ba abin damuwa ba ne. Amma in ya zama kullum, ko ya wuce wannan lokaci, ko yaro yana karkata kai ko runtse ido ɗaya in zai duba abu, a kai shi wurin likitan ido. In aka ga fari a tsakiyar baƙin idon jariri, ko a hoto ne, a tafi ba tare da ɓata kwana ba, domin yana iya zama yanar ido ko ciwon daji. Maganin raunin ido sau da yawa tabarau ne da rufe ido mai ƙarfi na wasu sa'o'i a rana, wani lokaci da tiyata, kuma ya fi aiki kafin shekara 7 zuwa 8.

Ga manya ƙofar ba ta rufe ruf ba. Susan Barry, malamar kimiyyar ƙwaƙwalwa a Amurka, ta tashi da karkataccen ido tun tana jaririya, sai tana shekara 48, bayan atisayen ido a hannun ƙwararriya, ta fara ganin zurfi, har ta ga sitiyarin motarta ya taso daga jikin allon gaba. Ba kowa ke samun haka ba, don ya danganta da irin matsalar. Baligin da kuma ya fara ganin abu biyu-biyu kwatsam, nasa daban ne: yana iya zama alamar matsala a jijiya ko a ƙwaƙwalwa, ya kamata likita ya duba shi a ranar.